Yaro ya ce mani Baba

Jiya da dare na ƙare wani littafi a waya, ƙanena ne ya turo mani ta WhatsApp tun azumi ban buɗe ba. Labarin wani mutum ne da ya cika shekara 45 ya zauna yana lissafin abin da bai yi ba, gida bai gina ba, wadda ya so bai aura ba. To ni ma a 1980 aka haife ni, dole abin ya taɓa ni, ballantana sai na miƙa hannu can nesa kafin rubutun ya fito mani, gilashin ido kuwa har yau ina ta kauce mashi.

Amma wallahi akwai inda marubucin ya ba ni haushi. Mutumin nashi kullum yana ɗaki shi kaɗai yana tunani, shafi bayan shafi, na ce kai wannan a ina ya samu lokaci? Nan Maraɗi mai shekara 45 shi ne tsakiyar gida, tsohuwa na jiran maganin hawan jini, yara na jiran kuɗin lakwal, ga biki a Tibiri ga gaisuwar mutuwa a Madarunfa, kowa kai yake kallo, jaka goma ka fito da ita da safe kafin azahar ta zama labari. Mu da muka ga faɗuwar sefa a 1994 muna samari, muka ga yunwar 2005, muka ga an rufe iyakar Najeriya a 2019 kasuwa ta tsaya cik, tunaninmu bisa babur muke yin shi.

Wuri guda dai ya kama ni sosai, inda mutumin ya ga hoton babanshi ya gane yanzu ya girmi wanda ke cikin hoton. Nan na aje wayar. Malaminmu na yawan jawo ayar nan ta 15 cikin Suratul Ahƙaf mai zancen shekara arba'in da addu'a ga iyaye da zuri'a, da ina jin ta kamar da wasu ake.

Satin da ya wuce na biya fada a Bagalam, inda muke shan shayi har biyun dare a da, wani yaro ya yi zumbur ya ba ni kujera, "Baba zauna nan." Sai da na waiwaya in ga wane tsoho ne ya biyo ni. Na zauna dai, don gwiwar ma ta fara magana, ya tambaye ni ko a rage sukari.