Godiya Ga Duk Wanda Ya Taya Mu Cigiyar Ɗanmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an ga yaronmu. Yana gida lafiya lau, sai dai firgicin bai gama sakinsa ba, ko ƙofar gida ba ya yarda ya leƙa sai yana riƙe da zanen mahaifiyarsa.

Ranar Asabar da la'asar ya tafi Islamiyya a nan Ɗorayi, har aka yi isha'i babu shi babu labarinsa. Muka sanar da mai unguwa, muka kai rahoto ofishin 'yan sanda, aka yi cigiya a masallatai da rediyo. Duk wanda bai manta yaran Kano tara da aka gano a Anambra a 2019 ba, ya san abin da ke zuwa wa uba a rai a irin wannan dare.

Ƙanena ya sa hotonsa a Facebook. Washegari wani mai shago ya turo bidiyon kyamararsa: wata mata riƙe da hannun yaron, suna shiga adaidaita sahu. Hoton dishi-dishi. Wani ɗalibin BUK, wanda ban taɓa sa shi a ido ba, ya kwana yana tsayar da bidiyon daƙiƙa bayan daƙiƙa har ya fito da uku daga lambobin jikin adaidaitan. Wata baiwar Allah kuma ta lura tamfol ɗinsa yana da faci ta hagu. Da wannan 'yan adaidaita suka gane mai shi a zaurensu na WhatsApp, suka ce a Kabuga yake lodi.

Abin da ba zan manta ba shi ne, masu cewa a watsa hoton direban duniya ta gan shi sun yi yawa, amma waɗannan matasa suka ƙi, suka miƙa komai ga jami'in da ke bincike. Ashe bawan Allahn nan fasinja kawai ya ɗauka! Shi ya kai 'yan sanda har layin da ya sauke su, ranar Talata. Da an watsa, Allah kaɗai ya san abin da jama'a za su yi masa.

Matar tana hannun hukuma, don haka ba zan ƙara komai a kanta ba.

Jami'an da suka yi wannan aiki, mai shago, direba, ɗalibin nan da abokansa, maƙwabtan da suka kwana a zaurenmu, Allah ya saka muku da alheri, ya tsare muku zuri'a. Don Allah wanda ya yaɗa cigiyar ya taimaka ya goge, har yanzu ana ta kiran wayata.