Wasiƙa daga Shenyang: Chaina da bam ɗin Koriya ta Arewa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kowa lafiya.

Tun da Saudiyya da Iran suka sasanta a Beijing a 2023 nake ta ganin mutanenmu suna cewa ai Chaina ce yanzu mai sulhun duniya, wai ko rigimar nukiliyar Iran a bar mata kawai. Ni dai da nake karatu a nan lardin Liaoning, maƙwabtan Koriya ta Arewa, ina so mu ɗan waiwaya tukuna, don an taɓa ba ta irin wannan aikin a ƙofar gidanta.

A 2003 Koriya ta Arewa ta fice daga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya. Amurka ta ce ba za ta zauna da ita su biyu ba, ita kuma ta ce sai dai da Amurka kaɗai, Chaina ce ta lallaɓa kowa har aka zauna a Beijing cikin Agustan shekarar su shida, da Koriya ta Kudu da Japan da Rasha. Wang Yi, mataimakin ministan harkokin wajen Chaina a lokacin, shi ne ya fara jagorantar zaman. Kuma gaskiya an samu abin faɗa, a Satumban 2005 Pyongyang, wato gwamnatin Koriya ta Arewa, ta amince za ta ajiye shirin nata gaba ɗaya, sai ga Amurka a watan nan ta taso wani banki a Macau aka riƙe wa Koriya ta Arewa kusan dala miliyan 25, shi ke nan magana ta rushe, Oktoban 2006 suka gwada bam na farko. Aka sake lallashi, 2007 aka ce su rufe tasharsu ta nukiliya da ke Yongbyon a ba su mai, 2008 har suka rusa hasumiyar sanyaya tashar a gaban kyamara. 2009 suka tashi daga teburin, har yau ba a koma ba.

Laifin ba na Chaina kaɗai ba ne, Amurka ma ta yi ta sauya baki, kuma abin da ya samu Gaddafi a 2011 bayan ya miƙa nasa shirin, wallahi su Kim masu mulkin Koriya ta Arewa sun gani. Amma abin da ke ci min rai shi ne Chaina ce ke riƙe da wuyan tattalin arzikinsu, sama da kashi 90 na cinikinsu na waje da ita ne. Na je Dandong, garin Chaina da ke kan iyakarsu, na tsaya bakin kogin Yalu ina kallon manyan motoci suna tsallaka gada, da dare ɓangaren Chaina fitilu ko'ina, can ƙetare kuwa duhu ne sai 'yar wuta nan da can. In ta so shaƙe su za ta iya. Ba za ta yi ba, don tana tsoron gwamnatin ta faɗi, 'yan gudun hijira su kwararo mata, sojojin Amurka da ke Kudu su matso har bakin kogin nan. Gara mata maƙwabci mai bam da babu maƙwabcin.

Mai shiga tsakanin da gidansa ke jikin gidan da ake rigima a kai, zai kashe wuta amma ba zai ƙwace ashana ba. Zuwa 2017 gwajin bam shida Koriya ta Arewa ta yi, a 2022 Chaina da Rasha suka hau kujerar naƙi kan ƙarin takunkumi a Kwamitin Sulhu, a 2023 kuma Pyongyang ta saka maganar nukiliya cikin kundin tsarin mulkinta.

A gaida mutanen gida.