Kwana Biyu a Birnin Shehu

Da sanyin safiya muka bar Zariya zuwa Sakkwato, muka bi ta Funtuwa, Tsafe, Gusau da Talatar Mafara. Hanyar ba wadda ake bi da dare ba ce a wannan zamani, shi ya sa direbanmu bai tsaya ko'ina ba sai Gusau, inda muka yi salla muka sha ruwa. Muna wuce Shuni na fara jin iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take fitowa. Watan Afrilu ne, kuma an gargaɗe ni, na ƙi ji.

Ɗan kawuna ne ya tare ni a tasha. Yana ganina ina sharce gumi ya tuntsire da dariya.

"Bazazzagi, ka zaka? Wanga ai sanyi na, bari gobe ka gani."

Muka hau kabu-kabu, wato abin da mu muke kira acaɓa, zuwa gidansu a Mabera. Kafin in gama gaida Inna an ajiye mini ƙwaryar fura, su kuma hura suke cewa. Na sha fura a garuruwa da yawa, amma wannan daban ce: gero ya daku, yaji ya ji, nonon mai tsami kaɗan. Na yi niyyar kurɓa biyu don ladabi, sai ga ni ina kankare gindin ƙwarya da ludayi.

Washegari bayan asuba muka nufi Hubbare, don a garin nan wanda bai gama yawonsa kafin hantsi ba, rana ce za ta kore shi gida. A raina na zana wani katafaren gini mai ado. Abin da na tarar shi ne unguwa irin ta tsohon gari, lunguna, mabarata a bakin ƙofa, takalma jibge. Nan ne gidan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, nan aka binne shi a 1817, shekara 8 bayan ɗansa Muhammadu Bello ya kafa birnin. 'Yarsa Nana Asma'u ma nan take kwance. Na tambayi kabarin Bello, wani dattijo ya ce, "A'a ɗana, shi yana Wurno." Na ji kunya, don an koya mana wannan a makaranta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsofaffin mata da suka zo ziyara daga ƙauyuka, rukuni-rukuni, wasu da ƙunshin kayansu a ka. Ba hayaniya, ba ɗaukar hoto. Ni da na shigo da waya a hannu sai na mayar da ita aljihu, na yi addu'a, na fito.

Fadar Sarkin Musulmi daga waje muka tsaya muka kalle ta, dogarai na kai da kawowa cikin ja da kore. Muka leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu, inda ake ajiye tsofaffin rubuce-rubuce da kayan yaƙi, amma gaskiya zafi ya hana ni natsuwa. A hanya ɗan kawuna ya nuna mini wajen Giginya, inda dakarun Sarkin Musulmi Attahiru suka gwabza da Turawa a 1903. Yanzu sunan ya fi tuna wa matasa filin ƙwallo.

Da la'asar muka shiga kasuwa wajen dukawa. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ƙetare hamada da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko saboda ta can take isa gare su. Na taya wasu takalma, badukun ya dube ni ya ce, "Malam, mi kaka so, takalmi ko kyauta?" Muka ja ciniki har na saya, na kuma san ya ci riba, don da fara'a ya raka ni bakin rumfa.

Cin abinci sai dare. Iska ta ɗan sassauto, gari ya fito waje. Muka zauna a benci wajen wani mai balangu, ya yanko mana na rago da zafinsa, ya barbaɗa yaji, ya zuba albasa ba tare da ƙyashi ba. A ƙasar da ake noma ta, ba a ƙirga ta. Amma da muka koma gida Inna ta ce duk wannan cimar baƙi ce. Ta kawo hoce, wani gashin garin dawa mai tauri, ta marmasa shi da ƙuli-ƙuli da mai da albasa, abin da mu za mu kira kwaɗo su kuma datu. Loma ta farko na ji kamar ba zan iya ba. Ta uku kuwa ban ɗaga kai ba.

Da safe ta ƙulle mini guda shida a leda, da kilishi na kai wa mahaifiyata. Kilishin ya isa Zariya lafiya. Hocen kuwa tun kafin Tsafe ni da maƙwabcina a mota muka ga bayansa.