Yadda na ƙirga matan da suka rasu a Afrilun 2020

A watan Afrilun 2020, lokacin da aka kulle Kano saboda korona, masu haƙar kabari ne suka fara cewa aiki ya fi ƙarfinsu. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an samu rasuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama da nasaba da cutar. Sunayen da muka riƙa ji a rediyo na farfesoshi ne da attajirai da masu sarauta, kusan duk maza. Alhali a layinmu kaɗai gida uku aka yi zaman makokin tsohuwa. Shi ya sa da lokacin zaɓen aikin kammala karatuna a fannin lafiyar al'umma ya zo, na ce matan zan ƙirga.

A takarda lissafin ba shi da wuya. Ka duba yawan waɗanda suka saba rasuwa a irin wannan lokaci a shekarun baya, ka cire shi daga na bana, abin da ya rage shi ne rarar mace-mace. Da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta gano cewa a 2020 da 2021 an samu rarar mutum miliyan 14.9 a duniya, kashi 57 maza, kashi 43 mata. Na ɗauka aikin wata guda ne.

Ina zan samo shekarun bayan? A Najeriya wajen kashi 10 cikin ɗari na mace-mace ne ake yi wa rajista. Mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an kai shi, babu wanda ke tunanin takarda sai in maganar gado ko fansho ta taso. Sai na nufi makabartar da unguwanninmu ke kai gawa. Da yake mace ba ta shiga, a bakin ƙofa na zauna ƙarƙashin darbejiya, dattijon da ke kula da wurin ya fito mini da littattafai uku, irin masu layi na 'yan makaranta, bangonsu duk jar ƙasa.

Shafin maza akwai suna, sunan uba, wani lokaci har da sana'a. Na mata kuwa sai ka ga "matar Alhaji wane", ko "gyatumar wane", ko kuma "mace" kawai. Na ce, "Baba, shekarunsu fa?" Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, wa zai tsaya tambayar shekarun mace ga makara a ƙasa?"

Kuskurena na farko shi ne kwatanta Afrilu da Janairun shekarar. Adadi ya yi tsalle, na ruga wurin malamata ina murna. Ta dube ni ta ce, "Ke ba 'yar Kano ba ce? Wace shekara ce zafin bazara bai kwashi tsofaffi ba?" Gaskiyarta. Maris zuwa Mayu lokacin tsananin zafi ne da sanƙarau. Dole Afrilu ya tsaya da Afrilu, kuma ba na shekara ɗaya ba, sai an haɗa na shekaru biyar an ɗauki matsakaici, don kada shekara mai ɓarkewar wata cuta ta karkatar da ma'auni.

Na biyu ya fi ba ni wahala. Yawan gawa kaɗai ba ya faɗin komai sai an san cikin mutum nawa. A ce unguwa tana da mata 20,000, 20 suka rasu a wata, ɗaya cikin dubu ke nan. Bayan shekara biyar an yanka filaye, mata sun kai 30,000, 30 suka rasu. Kaburbura sun ƙaru, amma haɗarin mutuwa yana nan inda yake. Ƙidayar ƙasa ta ƙarshe kuwa tun 2006 aka yi ta, lokacin wasu unguwannin da nake lissafi gonaki ne. Da lissafin gidajen da masu rigakafin shan-inna suke amfani da shi na lallaɓa.

Giɓin littafin Baba kuwa mata masu wankan gawa ne suka cike mini shi. Wata Inna da ta kai shekara talatin tana wannan aiki ta zaunar da ni a tabarma, tana jan carbi tana lissafo mini su gida-gida. Ba ta san shekarun kowa da lamba ba, amma za ta ce wance ta yi aure shekarar da aka kashe Murtala, sai in rubuta 1976 in yi lissafi. Ita ce kuma ke sanin wadda ta tafi da ciki, da wadda ba ta gama wankan jego ba. A ƙa'idar likitoci, mutuwar da ciki ko haihuwa ya jawo har kwana 42 bayan sauka ana sa ta cikin mutuwar haihuwa, kusan daidai da arba'in ɗinmu. Don haka tambayata ta zama ɗaya: "Inna, ta yi arba'in?"

Da na raba su rukuni-rukuni bisa shekaru, rarar ta fito sarai a tsofaffi. A matan da ke shekarun haihuwa kuwa layin da na zana na yawan mace-macen kusan a miƙe yake, sai ɗan tudu a makonnin da fita ta yi wuya, masu naƙuda suka riƙa haihuwa a gida. Har na rubuta cewa wannan rukuni bai taɓu sosai ba.

Malamata ta ja jan biro a ƙarƙashin jimlar. Ta ce in sake duba tsayin layin, ba miƙewarsa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000. Waɗannan duk suna cikin abin da na kira "yadda aka saba". Da na cire shekarun baya daga bana, su na cire. Kwatanta lokaci da lokaci yana kama annobar da ta faɗo kwatsam, amma mutuwar da ke zuwa kowace shekara sai ta ɓuya a cikin ma'aunin kansa. Masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya, Amartya Sen, da ya ce a 1990 mata sama da miliyan 100 sun ɓace a duniya, wato ya kamata a ce suna raye amma babu su, ba bara ya gwada da bana ba. Yawan mata bisa maza ya gwada tsakanin wuraren da ake kula da su daidai da inda ba a yi.

Sai na ƙara babi guda, na ajiye adadin matanmu kusa da na ƙasashen da haihuwa ba ta cika kisa ba. Ranar da na mayar wa Baba littattafansa na haɗa masa da sabo, na ja masa layuka da rula: suna, shekaru, namiji ko mace, da wani ɗan gurbi a ƙarshe na ciki ko jego. Ya juya shi, ya ce na ƙarshen nan sai dai in Inna ce za ta riƙa aiko masa.