Tagar da ke cikin kwamfutar Baba

Asabar. Hazo tun asuba, ko hasumiyar Gobarau da ƙyar ake hangowa.

Kawu Lawal ya aiko Nura wai in je shagon Baba na Ƙofar Ƙaura in ɗebi abin da nake so, gobe 'yan gwangwan za su kwashe sauran. Na tarar da kwamfutar Baba a ƙarƙashin tebur, farinta ya koma ruwan ƙwai. 486 ce, mai irin ƙwaƙwalwar da kamfanin Intel ya fara fitarwa a 1989, Baba kuwa ta hannu ya saye ta. Da ita ya yi shekaru yana buga wa mutane takardun neman aiki da katin biki. Akwai fulofi ɗaya, faifan ajiye bayanai na da, maƙale a bakinta.

Na kwance murfin, na share ƙura da burushin fenti, na maƙala wa wayata gilashin nan na kusanto da ƙananan abubuwa. Wannan ɗauka sai da haƙuri. Aisi su ne ƙananan baƙaƙen kayan lantarkin nan masu ƙafafu da yawa da ke kan allon da ke cikin kwamfuta. In ƙafar aisi ɗaya ta fito tar, ta kusa da ita ta dushe, numfashi ma ya isa ya ɓata hoto. Sai da na jingine wayar kan tsofaffin rijistocin shagon, na sa ta ƙirga daƙiƙa uku tukuna ta ɗauka.

Kawu yana tsaye a kaina. Ya ce, "Kai Aminu, bolar ma sai an yi mata hoto? Kilo ne fa ake aunawa."

Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, minti biyar."

A gefen allon akwai wani aisi mai takarda manne a bayansa. Na ɓare ta. Ƙarƙashinta 'yar taga ce ta gilashi, a ciki ga wani ɗan murabba'i yana ƙyalli, zarurruka sirara kamar gashi sun kama shi ta kowane gefe. Na fito da allon bakin ƙofa don haske. Abin da ya fito a waya kamar gari ne aka hango daga sama, layi-layi, shuɗi da ruwan zinare. Na miƙa wa Kawu. Ya daɗe yana kallo, ya gyara tabarau, sannan ya ce a hankali, "Ashe duk wannan yana ciki Yaya yake aiki da shi." Bai ƙara zancen kilo ba.

La'asar a masallacin unguwa. Umma ta yi ɗanwake. Sadiya har yanzu tari.

Sai bayan isha'i abin ya dawo mini. Wannan takarda ba ado ba ce. Aisin shi ke riƙe da umarnin da kwamfuta ke fara karantawa in an kunna ta, kuma ta wannan taga ake goge shi da wani haske wanda rana ma tana da shi. Na san rana sai ta yi kwanaki tana dukansa kafin ta goge, ga shi yau hazo ya tare ta. Duk da haka zuciyata ta ƙi kwanciya. Shekara nawa takardar nan tana rufe, Baba bai taɓa ta ba, ni na ɓare ta saboda hoto ɗaya.

Na liƙe tagar da baƙin salatif. Kwamfutar tana nan kusa da katifata, ban jona ta ba. Nura ya ce akwai irin wayar wutarta a wurinsu, zai kawo da safe.