Allura biyu a rana: jinyar Toka, tsohon muzurun gidanmu

Ranar da na gaya wa yayana cewa muzurun gidanmu ciwon suga gare shi, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Ikon Allah! Mutane ma ba su gama samun insulin ba, sai kyanwa?" Ban tanka masa ba, domin a raina na san maganar tasa ba duka ce ƙarya ba.

Toka muke ce masa saboda launinsa. Marigayi Baba ne ya tsinto shi a 2011, ɗan mitsitsi, a bayan shagon wani mai hatsi a kasuwar Sabon Garin Zariya. An yi masa fiɗiya tun yana ƙarami, ya tashi kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, amma ɓera bai taɓa kwana a ɗakin ajiyarmu ba. Bayan rasuwar Baba, Inna ta dawo gidana, shi ma ya biyo ta. Abin da muka ci shi yake ci: tuwo, shinkafa, burodi a jiƙe da madara. Ya yi ɓul-ɓul muna ta yaba hutu. Ashe ƙibar nan ita ta share wa ciwon hanya. Kyanwa halitta ce ta cin nama, jikinta bai iya da sitaci mai yawa ba, kuma namiji mai ƙiba da ya manyanta shi ciwon suga ya fi kamawa.

A damunar 2023 na lura kwanon ruwansa ba ya daɗewa, fitsari kuma ba iyaka. Yana ci kamar gara amma yana ramewa. Abin da ya fi ɗaga min hankali tafiyarsa ce: maimakon ya taka a kan yatsu yadda kyanwa take yi, sai ya riƙa shimfiɗa ƙafafun baya a ƙasa har dunduniya. Inna ce ta fara gane bakin zaren, da yake ita ma ta shekara goma tana fama da suga. Ta ce, "Wannan irin ƙishirwar na san ta. Ki kai shi a duba."

Mu a Zariya mun yi dace, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma likitocin da suka san kyanwa da kare ba su da wuyar samu kamar a wasu garuruwan da likitan dabbobi shanu da kaji kawai ya saba da su. Da aka gwada jinin Toka, suga ya haura 400. Likita bai yanke hukunci da wannan kaɗai ba. Ya ce tsoro ma yana sa sugan kyanwa ya yi sama, tafiya a kwando cikin Keke Napep ta isa. Sai da aka ga suga a fitsari, aka kuma yi wani gwajin jini da ke nuna yadda sugan ya kasance a makonni biyu zuwa uku da suka wuce, sannan ya rubuta allura.

Haka na shiga wata rayuwa. Allura sau biyu a rana, awa goma sha biyu tsakani: bayan sallar asuba, da kuma magariba. A tattaro fatar da ke bayan kafaɗa, a soka 'yar siririyar allura, an gama. Satin farko hannuna rawa yake, shi kuwa ko a jikinsa, hankalinsa na kan kwanon abinci. An fara da yunit ɗaya, aka tsaya a biyu. Insulin ɗin mutane ne, mai suna glargine, irin wanda ake sayarwa a kemis. Na koyi sayen ƙaramar kwalba mai yunit 300 maimakon babba mai 1,000, don yunit huɗu a rana ba za su cinye babbar ba kafin ta lalace.

Ajiyarsa ita ce wahala. Insulin sanyi yake so, ba ya son daskarewa, ba ya son zafi, wutar NEPA kuwa kowa ya san halinta. Duk ranar da firji ya huce, sai in koma ga dabarar randa biyu: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da tsumma mai laima. Dabarar nan ce ta sa sunan Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya zaga duniya, shi don tumatir da alayyafo ya yi, mu kuma kwalbar Inna da ta Toka muke jerawa a ciki, kowacce da zare mai launi daban a wuya.

Wani abu da ya kusa jefa ni cikin nadama shi ne sirinji. Wata rana irin wanda na saba saye ya ƙare, yaron kemis ya miƙo min wani ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Akwai mai rubutun U-40, akwai mai U-100, kuma dole lambar sirinji ta dace da ta kwalba. Da na zuƙi insulin U-100 har layin biyu a sirinjin U-40, yunit biyar zan ɗura masa. Allah ya sa na ga jikin sirinjin ya fi wanda na saba kauri, na kira likita kafin in soka.

Duk wannan ya zo a mummunan lokaci ga aljihu. A ƙarshen watan Mayun 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, dalar da ke wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk abin da Toka yake bukata daga waje yake zuwa: insulin, tsinken gwaji, abincin gwangwani. Na haƙura da gwangwanin, na koma dafa masa kaza da zuciyar saniya, ba gishiri, ba albasa, ba tafarnuwa, don su biyun nan guba ne ga jinin kyanwa. Cikin wata huɗu ya miƙe a kan yatsunsa, gashinsa ya kwanta. Shekara guda da rabi muna zaune lafiya, har na fara jin kaina rabin likita.

Jin kan nan ne ya kusa kashe shi. A farkon 2025 ƙishirwar ta dawo, fitsari ya ƙaru, ya fara rama. Na ce suga ne ya hau, har ina shawarar ƙara yunit ɗaya da kaina. Wata asuba ya sunsuni abinci ya kau da kai. Ina sauri zan tafi makaranta, ranar jarrabawa ce, na yi masa allurarsa cikakkiya na ce zai ci daga baya. Wajen ƙarfe sha ɗaya Inna ta kira ni, muryarta na rawa: "Ki zo, ɗan Babanku yana tangaɗi kamar mashayi." Na ce ta lakato zuma ta shafa masa a dasashi, kada ta ɗura masa komai a baki. Da na iso na huda gefen kunnensa na gwada, na'urar gwajin suga ta nuna 41, sugan ya faɗi ƙasa warwas. Na'urar mutane takan rage wa kyanwa lamba kaɗan, amma ko da an ƙara, wannan bakin kabari ne.

Kwana biyu ya yi a asibiti ana masa ƙarin ruwa. Sakamakon gwaji ya nuna ƙoda ce ta fara gazawa, ga kuma ƙwayoyin cuta a mafitsara, abin da fitsari mai zaƙi yake gayyatowa. Likita ya ce ciwon ƙodar kyanwa mataki huɗu ne, Toka yana ƙarshen na biyu. Ya dube ni ya ce, "Malama, alamomin ciwon nan biyu kamarsu ɗaya, ƙishirwa da fitsari da rama. Shi ya sa ba a ƙara allura da ka. Kuma daga yau, in bai ci ba, ki gwada, ki kira ni kafin ki taɓa sirinji." Na sunkuyar da kai kamar ɗalibar da aka kama da satar amsa.

Sai takardar kuɗi. A watan nan kaɗai abin da na kashe ya haura naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, abin da wani magidanci zai riƙe iyalinsa da shi wata guda. Ga jerin wasu gwaje-gwajen da aka rubuta: hoton ciki, awon hawan jini, gwajin ƙwayar thyroid ta maƙogwaro, sake gwajin ƙoda bayan sati biyu. Daren nan ban yi barci ba. Maƙwabciyata tana neman kuɗin haihuwa, ga kuɗin makarantar yara, ga maganin Inna wanda shi ba a taɓa shi ko me zai faru. Maigida bai hana ni ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Ki yi iya ƙarfinki, amma kada ki ci bashi."

Washegari na ajiye kunya na gaya wa likita gaskiya. Na faɗa masa abin da zan iya fitarwa a wata, na ce ya duba jerin nan ya nuna min wane gwaji ne sakamakonsa zai canza maganin da za a ba shi. Na zaci zai ɓata rai. Sai ya ɗauki biro ya soke hoton ciki, ya ce ko me aka gani, a shekarun Toka ba wanda zai yi masa tiyata. Awon hawan jini ya ce ba makawa, don ƙoda tana jawo shi, shi kuma yana makantar da kyanwa dare ɗaya. Gwajin ƙoda ya mai da shi duk wata uku. Da na san haka ake yi, da tun 2023 na buɗe baki. Mu dai mun saba in mai farar riga ya rubuta, ba a tambaya, sai dai mutum ya karɓi takarda ya fita, daga nan kuma ba za a sake ganinsa ba.

Abinci ya zama sabuwar rigima, domin ciwon biyu kowa da inda yake ja. Suga nama yake so, ba ya son sitaci. Ƙoda kuma ba ta son sinadarin fosfaras, wanda ya cika a nama da ƙashi da busasshen kifi da madara. Busasshen abincin masu ciwon ƙoda da ake kawowa daga Abuja ko Legas ga tsada, ga sitaci. Muka tsaya a tsakiya: kaza da 'yar zuciya, a haɗa da dafaffen farin ƙwai, wanda ke gina jiki ba tare da fosfaras mai yawa ba, sannan a barbaɗa wani garin magani da ke kama sinadarin a hanji. Likita ya ja min kunne cewa duk tsarin nan bai kai cin abincin kansa muhimmanci ba, don kyanwar da ta kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba hantarta ke shiga haɗari. Saboda haka ranar da ya ƙi komai sai kifi, kifin nake ba shi. Allurarsa ta koma yunit ɗaya.

Ƙarin ruwa ma a gida nake yi yanzu, sau biyu a sati, wanda ya rage min kuɗin mota da na ganin likita. In ɗumama ledar a cikin ruwan ɗumi, in rataye ta a ƙusar da Baba yake rataye carbinsa, Inna ta riƙe shi a cinya. Ruwan yakan taru a bayan wuyansa kamar tozon bijimi, kafin la'asar jiki ya shanye. Na kuma shiga adashe na musamman, kwasata ta gwajin wata uku ce. Wata baƙuwa ta taɓa ba ni shawarar in ɓalla masa rabin farasitamol in yana jin jiki. Na ce mata ko kusa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Yayana har yau yana tsokanata, sai dai ya rage tun ranar da Inna ta tare shi. Ta ce, "Shekara goma sha uku yana tsare mana hatsi ba a biya shi ba. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski." Ta kuma tuna masa hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Ya yi shiru, sati na zagayowa sai ga shi da kwalin tsinken gwaji, wai a kemis ya gani da araha.

Ƙoda ba ta warkewa, likita bai ɓoye min ba. Mun yi yarjejeniya ni da likita a kan abu uku game da Toka da zan riƙa rubutawa a littafin da nake rubuta lambobin suga: ya ci, ya fita shan hantsi da ƙafarsa, ya lashe jikinsa. Ranar da ukun suka ɓace tare, ba zan sake ɗaukarsa a kwando ina yawon gwaji da shi ba, za mu zauna mu yi wata maganar. Yau da asuba na'ura ta nuna 186. Ya cinye rabin kwanon, ya bar min farin ƙwan a gefe kamar kullum, ya tafi ya kwanta a kan buzun Baba.