Ciyar da tsuntsaye a tsakar gida, Kumasi: inda aka kai a mako na takwas

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon wannan aiki. Yau mako takwas ke nan da kafa faifan hatsi da kaskon ruwa a wata tsakar gida a Aboabo. Jawo tsuntsaye bai yi wuya ba, cikin mako biyu gwara da kurciya sun gane wurin. Abin da ke ba da wahala shi ne danshi, domin damina ta biyu da ke sauka a Kumasi daga Satumba zuwa Nuwamba ba ta barin hatsi ya kwana lafiya a waje.

Faifan farko na katako ne zalla, kuma kuskure ne. Ruwa na kwanciya a kusurwoyinsa, gero ya jiƙe, kafin kwana uku ya fara tsira yana tsami. Wanda ake amfani da shi yanzu tsawonsa santimita 40, faɗinsa 30, bakinsa ya ɗaga da santimita 3, an cire katakon ƙasa an buga ragar ƙarfe irin ta taga don ruwa ya zube, iska kuma ta ratsa. A sama akwai rufin kwano da ya zarce faifan da santimita 10 ta kowane gefe. An ɗora shi kan sanda mai tsayin mita ɗaya da rabi, nesa da katanga da kamar mita biyu zuwa uku. Idan ya fi haka kusa, kyanwa za ta diro masa daga kan katanga. Idan kuma ya yi nisa da kowace bishiya, ƙananan tsuntsaye ba sa sakin jiki, don ba su da wurin fakewa in shaho ya kawo farmaki. Maganin ɓera shi ne a huda gindin tsohon bokiti a kifa shi a jikin sandar ƙasa da faifan, sannan a kwashe ragowar hatsi kafin magariba.

Haɗin da ya karɓu shi ne gero kashi biyu, dawa kashi ɗaya, tsakin masara kashi ɗaya. Ƙaramin gwangwanin madara guda da safe ya isa. In har azahar ta yi da saura, gobe a rage. Amma a hura faifan tukuna kafin a yanke hukunci: kurciya tana haɗiye ƙwaya ɗungurungum, su kuwa kanari da ƙananan nan masu baƙin kai da ciki fari da ke zuwa garke-garke ɓare ta suke yi su bar ƙaiƙayi, sai mutum ya ɗauka abinci ne ya rage alhali babu komai. Marai kuwa in suka gano wurin sukan cinye rabon kowa cikin ɗan lokaci, kada wannan ya sa a ƙara mudu. Gara a watsa wa kurciya ɗan kaɗan a kan busasshen siminti, tunda dama a ƙasa ta fi son kiwo.

Wajen saye, olonka ɗaya, wato gwangwanin awon hatsi na kasuwannin Gana, ta isa a lokaci guda, ko a kasuwar Asawase ko a Kejetia. A sansana, a duba ko akwai ƙura-ƙurar ƙwari, a zuba a roba mai murfi a ɗaki. Masara da gyaɗa su ne abin tsoro. Idan suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma shanya ko suya ba sa kashe ta. Hatsin da ba za ku yarda a dama wa yara koko da shi ba, bai dace da tsuntsu ba. Dusar masu koko tana da kyau in an shanya ta ta bushe ƙayau, jiƙaƙƙiya kuwa yini guda take tsami.

Ragowar waakye (shinkafa da wake), burodi da duk abin da aka sa wa gishiri ko mai, a bar su. Fiya ma, wadda ta cika kasuwannin garin nan a lokacinta, guba ce ga tsuntsaye da yawa. Gwanda da ayaba nunannu ba laifi: a soke yanki ɗaya a ƙusa a gefen faifan, a cire da yamma. Shi ke kawo tsuntsun nan mai ruwan ƙasa da duhun kai da ke tashin mutane da kukansa tun asuba.

Ruwa ya fi hatsi jawo baƙi, har waɗanda ba sa cin ƙwaya, kuma nan ne cuta ta fi yaɗuwa. Kaskon ƙasa mai faɗi ya fi roba saboda ƙafa ba ta santsi a kansa. Zurfin ruwan kada ya wuce santimita 5 a tsakiya, a sa dutse ɗaya da ya ɗan leƙo sama don ƙanana su tsaya. A zubar a sake kullum, kuma a goge bangon kaskon da soso, domin akwai sauron da ke manna ƙwansa a bango daidai bakin ruwa, ƙwan kuma na jure bushewa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne kawai. Sau ɗaya a mako a wanke faifai da kasko da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, a ɗauraye sosai, a bar su su bushe a rana. Bushewar ba ƙaramin abu ba ce, ga dalili.

Akwai ciwon maƙogwaro da ke kama kurciya da tattabaru, yana bi ta yawu zuwa ruwa da jiƙaƙƙen hatsi. Za ku ga tsuntsuwa ta kumbura gashi ta zauna shiru, bakinta a jiƙe, tana ɗaukar ƙwaya tana faɗuwa, wani lokaci da wani abu rawaya-rawaya a cikin bakin. Ƙwayar cutar ba ta daɗewa a busasshen wuri. Da zarar an ga haka a ɗauke faifai da kasko gaba ɗaya na mako biyu zuwa uku don taron ya watse. Abin da zafi a rai, ganin su suna zuwa suna komawa, amma ci gaba da zuba hatsi a lokacin tara su ne a kan cuta. Masu kaji a gida su ƙara kula: murar tsuntsaye ta ɓulla a Gana a 2007, 2015 da 2021, don haka kada kaji su yi kiwo a ƙarƙashin faifan, kuma in aka tsinci matattun tsuntsaye fiye da ɗaya a sanar da likitocin dabbobi, kada a taɓa da hannu tsirara.

Shakauci ba ta cin hatsi, zumar fure take sha, ita ce ma ke bin furen kaucin da manoman koko ke fama da shi a gonakin Asante. Ana iya yi mata ruwan sukari, fari kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu, ba zuma, a sake kullum don zafi na sa shi tsami. A ganinmu shuka zogale da furanni a bakin katanga ya fi wannan sauƙi da aminci.

Abin da ke gaba shi ne hunturu. Daga Disamba fumfuna za ta ragu, sai dai kaskon zai riƙa ƙafewa kafin la'asar, don haka za a ƙara na biyu a inuwa, a cika su safe da yamma.